Martani Ga Mai Cewa Duk Kanwar Ja Ce: Riko Ba Hujjarka Ba Ce, Malam

Na karanta maƙalar da wani ɗan'uwa marubuci ya fitar kwanakin baya, inda ya yi kaca-kaca da masu neman a bambanta dayatishan mai rajista, wanda a asibiti ake ce wa likitan abinci, da nutirishanis, masanin abinci mai gina jiki. A ganinsa duk kanwar ja ce, rigima ce kawai ta 'yan boko masu neman matsayi da alawus. Ya kafa hujja da Riko ta ƙaramar hukumar Jibiya. Ga wuri nan, in ji shi, ana ceto yara masu tamowa, kuma ba a jiran wani mai lasisin abinci kafin a miƙa wa uwa abin da za ta ba ɗanta. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa duk wanda ya san abinci ya isa ya ba kowa shawara, mai lafiya da majinyaci.

Malam, abin da ka faɗa kan Riko gaskiya ne. Hukuncin da ka ɗora a kai ne ya karkace, kuma karkacewar tana iya cin rai. Da ka tsaya ka tambayi dalilin da ya sa aikin Riko ke tafiya ba tare da dayatishan a zaune ba, da ka ga amsar tana rushe maganarka.

Tun 2021 ƙungiyar likitoci ta MSF ke aikin tamowa a Jihar Katsina tare da Ma'aikatar Lafiya, kuma Riko na cikin wuraren da aka buɗe cibiyar sha-ka-tafi. Abin da ake yi a irin wannan cibiya a bayyane yake. Uwa ta sauke yaro daga goyo. Ma'aikaci ya ɗauko zaren awo mai launi uku, ya naɗa a damtsen yaron, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Idan awon ya gaza santimita 11.5, ya faɗa cikin ja, tamowa ce mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 rawaya ce, yaron na bakin rami. Sai ya danna babban yatsansa a bayan ƙafafun yaron biyu, ya ƙirga uku, ya ɗaga. In gurbin yatsa ya zauna bai ciko ba, akwai kumburi, ko da kuwa yaron ya yi kama da mai ƙiba. A auna nauyi, a duba zazzaɓin cizon sauro. Sannan a zo kan gwajin da ya fi kowanne muhimmanci: a ba uwa ledar abincin tamowa, ta wanke hannu, ta koma gefe inda ba hayaniya, ta lallaɓa yaron ya ci, ma'aikaci na kallo. In ya ci, sai a haɗa mata da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a ƙirga mata ledoji daidai nauyin yaron, a sa mata ranar dawowa.

Ma'aikacin lafiya na al'umma da aka horar yana yin wannan aiki tsaf, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da haka a ƙa'idojin da ta sabunta a 2023. Har iyaye mata ake koya wa awon damtse su riƙa yi a gida. Ban zo in ce a kori kowa daga nan a kawo mai digiri ba. Wanda ya nemi haka bai san ƙauye ba, kuma yara ne za su biya kuɗin jahilcinsa.

To amma me ke cikin ledar nan? Giram 92 ce, kalori 500: niƙaƙƙiyar gyaɗa, garin madara, sukari, mai, da haɗin bitamin da ma'adanai da aka auna kowanne da ma'auni. Ba ruwa a ciki, shi ya sa ƙwayoyin cuta ba sa samun wurin hayayyafa, ba a dafawa, ba a damawa, tana kuma iya kai wa shekara biyu ba ta lalace ba. A 1996 wani likita Bafaranshe, André Briend, da injiniyan sarrafa abinci Michel Lescanne suka haɗa ta, aka sa mata suna Plumpy'Nut. Sun ɗauko lissafin ne daga madarar asibiti ta F-100, wadda ita ma ta samo asali daga dogon bincike a kan jikin yaro mai tamowa, irin wanda Michael Golden da abokan aikinsa suka yi. Babban gwajin da ya sa duniya ta gamsu kuwa a maƙwabtanmu aka yi shi. A yunwar 2005 MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 a Nijar, galibinsu a jihar Maraɗi, akasarinsu kuma a gida hannun iyayensu mata. Bayan shekara biyu, a 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka fitar da matsaya guda cewa a bi wannan hanya. Najeriya ta fara a 2009.

Na san za ka ce: to ai ga shi nan, Briend likita ne, Lescanne injiniya ne, babu dayatishan a cikinsu. Haka ne, kuma ban ce ilimin abinci gadon gidan wani ba ne. Abin da nake so ka lura da shi daban ne. Ma'aikacin Riko ba ya tsara wa yaro abinci. An riga an yi lissafin, an gwada shi a kan dubban yara, an rufe shi a leda. Cuta ɗaya ce, rukunin shekaru ɗaya ne, daga wata shida zuwa ƙasa da shekara biyar, magani ɗaya ne, ƙa'ida kuma a rubuce take a takarda. Rigar kanti ce da aka ɗinka ta dace da kowane yaro mai wannan awon, aikin mai shago shi ne ya auna ya miƙa. Akwai majinyatan da ba rigar kantin da za ta shige su, sai an auna an yanka an ɗinka musu tasu, kuma telan da ke wannan ɗinki shi ne kake cewa ba a buƙata.

Tsarin Riko da kansa ya san inda iyakarsa take. Yaron da ya ƙi cin ledar, ko kumburi ya kai masa har fuska, ko yana amai da komai, ko numfashi na sarƙewa, ko ya yi laushi ba ya ko kuka, ba a sallamarsa gida. Tura shi ake yi inda za a kwantar da shi, kamar cibiyar Ƙofar Sauri a cikin birnin Katsina. Tsallaken iyaka ma haka tsarin yake: a Nijar akwai CRENAS ta sha-ka-tafi, akwai CRENI ta kwanciya, irin ta Madarunfa. A can ɗakin kwanciya ne ake gane cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba. Jikin yaron da yunwa ta cinye ya rage gudun komai don ya tsira: zuciya ta yi rauni, hanta da ƙoda sun yi sanyi, fotasiyam da maganiziyam sun tsiyaye, sodiyam ya taru inda bai kamata ba. Hankalin kowace kaka zai ce a ɗura masa abinci mai nauyi, ƙwai da nama da madara mai kauri, ya samu ƙarfi. Wannan na iya kashe shi cikin kwana biyu ko uku. Hankalin wanda bai ƙware ba zai ce a sa masa ƙarin ruwa ta jijiya tunda ya bushe. Zuciyar na iya kasa ɗauka. Za a ga jininsa ya yi ƙasa a ce a ba shi maganin ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe, alhali a kwanakin farko hana shi ake yi, sai ya fara ƙara nauyi. Abin da ake ba shi F-75 ce, madara mai kalori 75 a kowace mililita 100, mai ƙarancin furotin da gishiri, kaɗan-kaɗan duk bayan awa biyu ko uku, dare da rana, wani lokaci ta siririn tiyo a hanci. Kafin a daidaita waɗannan ƙa'idoji, asibitoci da yawa na rasa kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na irin waɗannan yara, kuma kaso mai yawa na mace-macen daga kuskuren jinya ne.

Likitoci da nas-nas ne ke riƙe da waɗannan ɗakuna, da ƙa'ida a rubuce a gabansu. Ban ɓoye wannan ba. Darasin dai shi ne, da zarar cuta ta shiga jiki, abinci ya koma magani mai awo, kuma abin da ke gina mai lafiya na iya rushe majinyaci. Wannan shi ne ginshiƙin sana'ar dayatishan gaba ɗaya. Kai kuma a maƙalarka ka haɗa mai lafiya da majinyaci a kwando ɗaya.

Mu bar yaron, mu dubi wadda ta rako shi. A ce kakarsa ce, mai shekara sittin da wani abu, ciwon suga ya daɗe a jikinta, hawan jini ya biyo baya, yanzu kuma ƙafa ta fara kumbura, gwaji ya nuna ƙoda ta fara gazawa. Wace leda za a miƙa mata? Babu. Je ka tambayi mai shawarar gama-gari, zai faɗa mata abin da ake faɗa wa kowa, kuma ga mai lafiya shawara ce mai kyau: ki yawaita ganye, ki ci wake, ki ci ayaba da lemo, ki sha ruwa da yawa, ki bar gishiri. Ga wannan baiwar Allah kuwa kusan kowace gaɓa ta shawarar tana da tarko. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da fotasiyam yadda ya kamata, in ya taru a jini yana iya tsayar da zuciya ba sallama, ga shi kuma ayaba da dabino da dankali da tumatir da wake cike suke da shi. Gishirin kanti da ake tallatawa na masu hawan jini, sau da yawa fotasiyam aka zuba a madadin sodiyam. Ruwan da aka ce ta yawaita, in fitsari ya ragu, a huhu zai taru. Nama da wake ana rage mata su kafin a fara wankin ƙoda, da an fara wankin kuma sai a ƙara, wato shawarar watan jiya ta zama kuskuren wannan watan. In tana allurar insulin, gazawar ƙoda na sa allurar ta daɗe a jiki, sai suga ya faɗi warwas idan ta tsallake abinci. Ga azumi na tafe, kuma ba za ta so a ce ta sha ba.

Wanda zai zauna da ita dole ya iya karanta takardar gwajin jini, ya san magungunan da likita ya rubuta da yadda suke cuɗanya da abinci, ya kuma san tukunyar gidanta. Ba zai ce ta bar tuwo ba, zai nuna mata girman malmalar da za ta ci da lokacin da za ta ci. Zai tambayi dunƙule nawa ake jefawa a miya, da ko ana sa kanwa, don ita ma sodiyam ce. Zai koya wa jikarta ta yanka dankali ƙanana, ta jiƙa, ta tafasa da ruwa mai yawa ta zubar da ruwan. Zai ce a riƙa auna fitsarin kwana guda a san ruwan da za ta sha. In fura ce ba ta iya rabuwa da ita, sai a yi ciniki a kan yawan ludayi, a cire sukari. Bayan wata guda gwaji ya canja, lissafin ma ya canja. Wannan aiki ba a koyonsa daga littafi kaɗai, kuma ba a koyonsa a bita ta kwana uku a otal.

A nan ne maganar takarda ta shigo, wadda ka yi wa dariya. Akwai abin da ke rikitar da mutane, kuma ina ganin shi ya rikitar da kai: a Najeriya sau da yawa digirin farko ɗaya ne. Ɗalibi ya shiga jami'a, a Nsukka ko Ibadan ko Bayero, ko ya yi babbar difloma a kwalejin kimiyya da fasaha, ya karanta ilimin abinci da tsara abincin majinyata a haɗe. Bayan kammalawa ne hanya ke rabuwa. Mai son zama dayatishan sai ya yi shekara guda cur ta horo a asibitin da aka amince da shi, galibi asibitin koyarwa, ƙarƙashin idon manya. Ya zaga ɗakin masu suga, ɗakin ƙoda, ɗakin yara, ɗakin waɗanda aka yi wa tiyata, ɗakin ƙuna, ya lissafa abincin wanda ba ya iya haɗiya sai ta tiyo, ya yi kuskure a gyara masa kafin kuskuren ya kai ga majinyaci. Sannan ya zauna jarrabawar sana'a, in ya ci a sa sunansa a rajista, ya samu damar liƙa haruffan RD ko RDN a bayan sunansa. Abokin karatunsa da ya nufi aikin al'umma, ko bincike, ko masana'antar abinci, ko ma'aikatar gwamnati, masani ne na gaske, wani ma ya kai digiri na uku, amma bai yi wannan shekarar a gefen gado ba. Mun yarda da irin wannan ƙa'ida ga likita da mai haɗa magani, ba wanda ya taɓa kiran shekarar horonsu neman alawus.

Rajista kuma amfaninta ga majinyaci ya fi amfaninta ga mai ita. Ma'anarta akwai inda za a kai ƙara, akwai sunan da za a iya gogewa. A Ingila doka ta kare sunan dayatishan, laifi ne mutum ya kira kansa da shi ba tare da rajistar hukumar HCPC ba, alhali kowa na iya kiran kansa nutirishanis, sai dai akwai rajistar ganin dama ga masu ilimin gaske. A Amurka daga Janairun 2024 sai mai digiri na biyu ke zama jarrabawar, bayan aƙalla awa 1,000 na horo ƙarƙashin kulawa. Ba sai mun tafi nesa ba ma. Kenya ta yi doka a 2007 da ta tattara sana'o'in biyu ƙarƙashin hukuma guda, Afirka ta Kudu na yi wa kowanne rajistarsa daban, Ghana ta sa su cikin dokar hukumomin lafiya ta 2013. A wurinmu likitoci na da hukumarsu, nas-nas da ungozoma na da tasu, har ma'aikatan lafiya na al'umma irin na Riko suna da hukumar rajista tun 1992. Ka ga ke nan mutumin da ka kafa hujja da shi cewa ba a buƙatar lasisi, shi ma da lasisinsa yake aiki. Rajistar dayatishan ce ta daɗe a hannun ƙungiyoyin sana'ar, an kuma sha kai ƙudiri Majalisar Dokoki ta Ƙasa don a kafa hukuma.

Wa ke cin ribar wannan giɓi? Ba yaran Riko ba. Buɗe Facebook ko TikTok ka gani. Ga mai farar riga da ya saya a kasuwa, ya kira kansa masanin abinci, yana sayar da shayin rage tumbi da garin da ke warkar da suga cikin kwana arba'in. Ga mai cewa zuma ba ta ɗaga suga tunda daga Allah take. Ga mai cewa mai suga ya bar gero da dawa ya koma alkama kawai, a bar talaka ya rabu da hatsin gonarsa ya sayi mai tsada wanda shi ma sitaci ne. Mafi muni shi ne mai cewa a ajiye maganin asibiti. In ka yi magana ya nuna maka lambar NAFDAC, alhali a jikin irin waɗannan kayan gargajiya akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba. Nutirishanis na gaske, wanda ya yi shekara huɗu yana karatu, shi ne farkon wanda wannan kasuwa ke zubar wa mutunci, don sunansa aka ara. Duk lokacin da marubuci irinka ya ce duk ɗaya ne, waɗannan yake buɗe wa ƙofa, ko da bai yi nufi ba.

Kada kuma a fahimce ni a baibai, a ɗauka ina ɗora dayatishan a sama in ajiye nutirishanis a ƙasa. In yawan rayuka ake ƙirgawa, a Katsina ta yau aikin nutirishanis ya fi faɗi nesa ba kusa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Katsina kuwa kusan shida cikin goma ne. A Yulin 2025 MSF ta sanar cewa a wata shidan farko na shekarar ta yi jinyar yara kusan 70,000 masu tamowa a jihar, kusan 10,000 sai da aka kwantar, 652 kuma sun rasu a cibiyoyinta, a daidai lokacin da manyan masu ba da tallafi na waje ke janye hannu. Ba rashin dayatishan ne ya jawo wannan ba. Manomi ne ba ya iya zuwa gonarsa saboda 'yan bindiga. Iyaka ce aka rufe a Agustan 2019, mashigar Jibiya ba ta buɗe ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma duk rufewa lebura da direba da mai tallar abinci a garin Magama na kan iyakar ne ke kwana da yunwa. Rumbu ne ke ƙarewa a tsakiyar damina, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro da gudawa ke kan ganiyarsu.

Wanda zai shiga ƙauyuka ya yi ƙidayar da za ta nuna inda wutar ta fi ci, ya ce a buɗe cibiya a nan ba can ba, ya lissafa katan nawa ake buƙata kafin Yuli (katan ɗaya leda 150 ne, kusan jinyar yaro guda), ya tsara rabon bitamin A, ya koya wa mata haɗa kunun gero da waken suya da gyaɗa, ya shawo kan surukar da ke cewa jariri sai ya sha ruwa kafin wata shida, ya bi masana'antu ya tabbatar sun sa aidin a gishiri da bitamin A a mai da sukari da fulawa kamar yadda doka ta ce, wannan nutirishanis ne. Dayatishan da ya saba da gado ɗaya-ɗaya, in ba shi da wannan horon, zai iya ɓacewa a wannan fage kamar yadda wancan zai ɓace a ɗakin ƙoda. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kai ka ɗauka ana faɗa ne a kan wa ya fi wani, ni kuma tambayata ita ce a gaban wa za a zaunar da kakar nan.

Akwai inda fushinka ke da tushe, kuma zan taya ka. Masu rajistar ba su da yawa, kuma inda suke a tattare manyan asibitoci ne irin su Malam Aminu Kano da Shika da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Mai suga daga ƙauyen Jibiya sai ya biya kuɗin mota, ya bi hanyar da kowa ya san halinta, kafin ya ga ɗaya. Guraben horon shekara guda sun yi kaɗan, matasa na gama digiri su zauna jiran gurbi har su gaji su kama wata sana'a. Masu sana'ar su ma ba su taimaki kansu ba da suka rabu ƙungiya fiye da ɗaya, kowace da rajistarta, ga kuma jan-in-ja da 'yan'uwansu masana gina jiki a kan wa zai riƙe me. Wanda ya kalli wannan daga waje ya ce rigimar kujera ce, ba a ga laifinsa sosai ba. Wasu kuma, a faɗi gaskiya, suna rubuta wa ɗan ƙauye jadawalin abinci da kayan da bai taɓa gani a kasuwarsu ba, ya ninke takardar ya sa a aljihu ya koma gidan jiya. Dayatishan da bai san bambancin tuwon dawa da ɗanwake da dambu a jikin mai suga ba, lasisinsa bai gama amfani ba.

Sai dai ƙarancin ƙwararru ba ya zama dalilin cewa ƙwarewar ba ta da amfani. Likitoci ma sun yi ƙaranci a Jibiya, ban ji ka ce mai kemis ya fara tiyata ba. Abin da ya dace a nema a fili yake, kuma bai fi ƙarfin jiha ba. Gwamnatin Katsina ta Malam Dikko Umaru Raɗɗa na iya sa dayatishan aƙalla guda a kowane babban asibiti, har da na Jibiya, ta buɗe guraben horo a asibitocinta, ta kuma sa shi ya riƙa zagaya ƙananan cibiyoyi a ranakun da aka ware wa masu suga da hawan jini, yana horar da ma'aikatan wurin su gane wanda za su iya ba shawara da wanda dole su tura gaba. Tsarin da ya yi aiki a kan tamowa ke nan: na ƙasa ya san iyakarsa, na sama na nan a shirye ya karɓa. 'Yan majalisarmu na tarayya kuma su tsaya a ga an samu doka mai haƙori da za ta kare sunayen biyu, ta fayyace wa ke da hurumin tsara wa majinyaci abinci, ta hukunta mai sojan gona.

Kai kuma Malam, alƙalaminka na da masu bi, kuma cikinsu akwai masu jinyar iyaye a gida. Ka koma ka gaya musu cewa shawarar cin ganye da wake da shayar da nono zalla kowa na iya ɗauka daga ma'aikacin lafiya ko masanin gina jiki, su kuma kai yaro awon damtse ba tare da jiran kowa ba. Amma wanda likita ya ce yana da ciwon ƙoda, ko suga mai allura, ko ciwon zuciya, ko aka yi masa aiki a hanji, kada ya canja abincinsa a kan maganar wani sai ya tambaye shi a wane asibiti ya yi horo, kuma ina rajistarsa. In ya kasa amsawa, a koma wurin likitan a nemi ya tura majinyacin sashen abinci na asibiti.